Mai Jan Jakin Sambo

A shekarun da Tambuwal take ribaɗi, garin da aka girke mayaƙa don su tsaya tsakanin ƙasar Sakkwato da maharan Kabi, kowane gida yana da wanda ake kira idan an buga gangar yaƙi. A zuri'ar su Maccido mutum biyu ake kira, shi da Sambo ɗan gwaggonsa. Taubasai ne kuma tsarar juna, wata uku ne tsakaninsu. Tare suka koyi harbi a hannun Sarkin Baka Ɗangiwa, kuma ba wanda yake musun cewa Maccido ya fi Sambo hannu. Sambo abin da ya fi shi da shi baki ne da fara'a.

Wata kaka, bayan an gama kai gero rumbu, labari ya zo cewa mahara sun kewayo ta kudu sun nufi ƙauyukan Kebbe. Mutanen can sun kwashi mata da yara da shanu suna neman ƙetare gulbi. Ɗangiwa ya ɗebi 'yan baka ashirin ya tsayar da su a bakin mashigi, ya ce kada wanda ya ɗaga ƙafa sai mutum na ƙarshe ya haye. Maccido da Sambo suna gefe ɗaya. Ba a daɗe da fara artabu ba wani mahayi ya ratso ta cikin ciyawa. Sambo ya ɗaga hannu ya kare kansa, takobi ya raba shi da hannun dama daga wuyan hannu. Ya kife a ƙasa, wani ya bi shi da mashi a kwatangwalo.

Maccido ya tsaya a kansa yana harbi har kwarinsa ya ƙare, ya sunkuya ya ciro na Sambo, shi ma ya ƙarar. Da mahara suka juya, ya goya Sambo a baya ya kai shi wata ruga, inda aka tafasa man shanu aka ƙone dungun don jini ya tsaya. Ihun da Sambo ya yi a ranar bai taɓa fita daga kunnen Maccido ba.

Shi kuwa Maccido ya koma gida ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Da farko shi ma yana cikin masu hawaye. Watanni biyu ya yi yana zuwa ɗakin Sambo kullum, yana juya shi, yana kore masa ƙuda. Abin ya soma canzawa ne ranar da Sambo ya fara fitowa masallaci yana dogara sanda. Liman ya sa aka buɗa masa wuri a sahun gaba, dab da bayansa, wurin da dattawa masu furfura suke zama. Maccido yana sahu na huɗu, inda yake tun yana saurayi. Ranar kasuwa mahauta suka riƙa ware wa Sambo hanta. Tsofaffin da suka isa su haife shi suna tsayawa su gaishe shi da hannu biyu. Idan Maccido ya zo wucewa sai a ce, "A'a, Maccido, sannu. Kai dai Allah ya tsare ka." Ba wanda yake faɗin haka da mugunta, shi ya sa ma ya rasa wanda zai yi wa fushi.

Wata rana da la'asar ya tarar da matarsa Lauratu tana zuba miya a akusa biyu. Ya ga ta tsamo tsokar da ta fi girma ta sa a ɗaya.

"Wanga akushi na wa na?"

"Na Sambo."

"Shi ba shi da mata?"

"Haba malam. Atu ita kaɗai ka fama da shi, ga goyo. Mutumin da ya ba da hannunsa saboda mu, tsoka guda ta yi yawa?"

"Ni kuma mi na ba da?"

Lauratu ta dube shi daga sama har ƙasa kamar mai neman inda ya ji ciwo, ta ce, "Kai ai ka dawo mana lafiya, alhamdu lillahi." Ta rufe akushin da faifai ta fita da shi.

Damina ta fi komai ci masa rai. Sarkin Baka ya yanke cewa kowace shekara gonar Sambo za a fara yi wa gayya kafin kowa ya taɓa tasa. Damina uku Maccido yana sunkuye da hauya a gonar taubashinsa, tasa gonar kuwa ciyawa tana shaƙe geron. Makaɗin gayya yana bin manoma da ganga yana wasa Sambo, kuma kowace shekara labarin ƙaruwa yake. A shekarar farko Sambo ya kayar da mahaya biyu. A ta uku shi kaɗai ya tare mashigi, da hannu ɗaya. Maccido ya san gaskiya, domin shi ya ɗauki kwarin: kibiya uku kacal suka fita daga cikinsa kafin Sambo ya faɗi.

Kuma ba a ce Sambo yana ɓoyewa ba. Daga inda yake zaune a gindin tsamiya yakan ɗaga murya ya ce, "Kai makaɗi, sa sunan Maccido! Shi ya tsaya, shi ya goyo ni." Sai mutane su kaɗa kai su ce, "Ku ji tawali'u. Jarumi ke nan, ba ya son a faɗi nasa." Maccido ya ƙara sunkuyawa ya kafta wa ƙasa hauya. Ko gaskiyar da Sambo ya faɗa a kansa, Sambo take ƙara wa girma.

A kakar shekara ta uku manzo ya zo daga Kebbe. Hakimin can ya ce mutanensa sun farfaɗo, shanu sun hayayyafa, suna so su ga mutumin da aka sare saboda su, su yi masa godiya ido da ido. Ɗangiwa ya kira Maccido zaurensa.

"Kai za ka kai shi. Ga jakina nan, ya fi naku lafiyar tafiya."

"Baba, ina da dawa ban yanke ba."

"Dawa ta jira. Wa ya fi ka sanin yadda aka ɗaukar shi?"

Da asuba Maccido ya ɗaga Sambo ya ɗora bisa jaki, ya kama igiya ya shiga gaba. Yini guda suka yi suna tafiya. Duk ƙauyen da suka ratsa, da an ga dungun hannun sai a taso. Mata suna leƙowa ta kan danga, maza suna riƙe ƙafar Sambo suna sa masa albarka. Wani ya miƙo wa Maccido damin harawa ya ce ya ba jakin, ko sunansa bai tambaya ba. Sambo yana ta jan sa da wasa irin na taubasai, yana cewa jakin ya fi mai jansa hankali. Da can Maccido zai rama har su yi ta dariya. Ranar sai dai ya ƙara jan igiya ya yi gaba.

A Kebbe aka shigar da Sambo babban zaure aka shimfiɗa masa buzu. Maccido aka nuna masa turken da zai ɗaure jaki da rumfar da barori suke kwana.

Da safe ya kai jakin rijiya. Akwai wani tsoho zaune kusa da wurin yana tufka igiyar rama, sunansa Malami, irin tsofaffin da duk labarin da ya shiga gari ta wurinsu yake bi. Ya dubi Maccido ya ce, "Kai ne yaron jarumin nan na Tambuwal?"

Maccido ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Yana da shekara talatin da biyar, da 'ya'ya huɗu.

"Ni ka jan jakinsa," in ji shi.

"Ka yi sa'ar ubangida. An ce shi kaɗai ya tare dawaki arba'in."

Maccido ya ci gaba da jan guga. Ya so ya yi shiru, har ya zuba ruwan a kwami. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Baba, ka tambaya a ina mashin ya same shi?"

"A kwatangwalo, an ce."

"Ta gaba ko ta baya?"

Tsohon ya daina tufka.

"Ta baya ne," in ji Maccido. "Ni ban ce komai ba. Amma mai fuskantar doki, ban san yadda mashi zai same shi ta baya ba."

Ya ja jakinsa ya tafi. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ta baya mashin ya shiga. Abin da bai faɗa ba shi ne Sambo yana kife ne a ƙasa, hannunsa a yanke, lokacin da aka soke shi. Yana tafiya yana jin wani sanyi a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba shekara uku. Kafin ya isa turke sanyin ya koma tsoro.

Da hantsi aka taru a ƙofar hakimi. Jama'a ta cika fili, manoma da makiyaya, har da matan da suka tsaya daga nesa. An zaunar da Sambo kusa da hakimi. An kawo riga saƙi a ninke, an kuma jawo wata karsana ja an ɗaure a gefe. Maccido yana can baya a tsaye cikin barori. Tun kafin a fara ya lura da yadda ake raɗa, wannan ya karkata ga kunnen wancan, ana satar kallon ƙugun Sambo. Wani bafade ya durƙusa ya yi wa hakimi magana a hankali. Hakimin mutum ne da ba ya son ƙumbiya-ƙumbiya. Ya juya ya ce:

"Sambo, wata magana ta shigo gari da safen nan, gara in tambaye ka gaban kowa. An ce gudu kake yi aka soke ka."

Kowa ya zuba wa Sambo ido. Mutumin da ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba ya sunkuyar da kai yana kallon dungun hannunsa. Bai waiwayi inda Maccido yake ba, kuma rashin waiwayen ya gaya wa Maccido cewa ya gane.

Sai wani dogon Bafillace ya miƙe daga cikin makiyaya, da sanda a kafaɗa. Sunansa Bube.

"Ranka shi daɗe, wanda duk ya faɗi haka ƙarya shika yi. Ni ne na ƙarshe cikin ruwa ran nan, da shanu goma sha wani abu da sunka ƙi hayewa. Da idona na gani. Wanga bawan Allah dawaki yake fuskanta sanda anka sare shi, yana ƙasa anka soke shi. Na kuma ga wani ya tsaya bisa kansa, ƙafa guda nan guda nan, yana harbi kamar ba mutuwa a duniya. Ba don wannan ba da ni da shanun duk an tafi da mu. Shekara uku nika tambaya ko wane ne, ba wanda ya gaya mani."

Sambo ya ɗago. Ya miƙa dungun ya nuna bayan taro.

"Ga shi can. Maccido, ɗan kawuna."

Jama'a ta dare, kowa ya juya. Abin da Maccido ya shekara uku yana mafarki ke nan, idon gari guda a kansa ana faɗin abin da ya yi. Ya tako gaba. Bai kai tsakiyar fili ba sai ga muryar tsoho Malami:

"Wanga? Ai wanga shi ya gaya mani da bakinsa, a bakin rijiya!"

Ba wanda ya yi motsi. Bube ya saki baki yana kallonsa. Hakimi ya haɗe gira, dogarai biyu suka gyara tsayuwa. Maccido ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Sai Sambo ya fashe da dariya. Dariya sosai, har yana buga cinya da hannun hagu.

"Ranka shi daɗe, a yi mani afuwa. Taubashina na! Tun muna yara shika cewa ni matsoraci ne, ni ko in ce shi jaki ne. Jiya ma yini na yi ina gaya mashi jakin Sarkin Baka ya fi shi hankali, shi ne ya rama. Baba Malami bai san tsakaninmu ba, ya ɗauki wasan taubasai ya kai kasuwa."

Wani ya yi dariya daga baya, wani ya kama, sai fili duk ya ɗauka. Aka koma yi wa Malami tsiya. Hakimi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban Maccido, sannan ya ce, "Wasa irin wannan a riƙa barin shi a gida." Ya sa aka yafa wa Sambo riga, aka damƙa masa igiyar karsana. Ya aika cikin gida aka ɗauko kwari sabo cike da kibau, ya miƙa wa Maccido.

"Shi ya gama nasa. Kai da sauran aiki a gabanka."

Bube ya zo ya kama hannun Maccido da hannu biyu, ya sa aka kawo masa ƙwaryar nono. Maccido ya kai baki ya ajiye ƙwaryar. A gefensa yana jin wasu dattawa biyu da ba su yarda da zancen wasa ba, ɗaya yana ce wa ɗaya, "Ka ga mutum? An ci mutuncinsa, shi ya rufa wa mai cin asiri." Yau ma Sambo ne.

Washegari suka kamo hanya, jaki a gaba, karsana a baya tana turjewa. Suka yi ta tafiya har rana ta take. Da suka iso wani rafi mai inuwar ɗinya Sambo ya ce a sauke shi. Maccido ya sauke shi. Sambo ya tsaya jingine da itace yana fama da mazagin wandonsa da hannu ɗaya, ƙullin ya ƙi kwancewa. Ya ja, ya sa haƙori bai kai ba. Daga ƙarshe ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Zo ka kwance mani."

Maccido ya durƙusa ya kwance. Ya riƙe shi ya tsuguna, domin ƙugun ba ya lanƙwasuwa, ya kawar da kai, ya zuba masa ruwa, ya ɗaga shi, ya ɗaure masa. Sannan ya zuba masa ruwan alwala.

"A gida Atu ka yi mani," in ji Sambo. "Shekaranjiya da muna zuwa ban sha ruwa ba sai da munka isa, don kada in roƙe ka. Na ga fuskarka tun daga ƙofar gari."

Suka yi salla, Sambo a zaune. Da suka sallame Maccido ya ce, "Don mi ka rufa mani asiri?"

"Gwaggonka da ta haife ni na da rai. In je in ce mata mi? Kuma da sun ɗaure ka, wa zai ɗora ni bisa jaki?"

"Kibiya uku ka harba, Sambo. Uku. Ni na ɗauki kwarinka."

"Biyu. Ta ukun hannuna na rawa, cikin ruwa ta faɗa."

Maccido ya dube shi.

"Kana tsammani ban sani ba?" in ji Sambo. "Kullum makaɗin nan ya ƙara mani doki guda sai in ji kamar in nutse. Na faɗa, na sake faɗa, ba mai ji. Ba harbina suka girmamawa ba. In sun dube ni, abin da zai same su ne suka gani ya sami wani. Mu ashirin anka tsayar a mashigin nan, anka ce kada mu ɗaga, ba mu ɗaga ba, mutane sunka haye. Aikin ke nan. Takobin bai tambayi wa ya fi harbi ba."

Ya ciro rigar saƙin daga cikin buhu ya jefa masa a cinya.

"Kana so? Ɗauka. Ɗauki karsanar, ɗauki sahun gaba, har hantar mahauta. Ka ba ni hannunka yini guda in riƙe hauya a gonata, in daina zama gindin tsamiya kamar tsohuwa ana yi mani noma. Ka san yadda nika ji in na ga ka sunkuya ka miƙe, ka sunkuya ka miƙe? Wallahi wani lokaci ba ni son ganinka."

Ya juya fuska wajen rafi. Maccido ya zauna da riga a cinya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tausayi. A ƙarƙashinsu kuma, can ƙasa, ya ji wani abu yana ce masa ko a wannan zaman Sambo ne ya fi iya magana, Sambo ne ya fita da girma. Ya gane abin nan ba zai bar shi don an yi masa bayani ba. Ya ninke rigar ya mayar cikin buhu.

"Ka yafe mani."

"Na yafe. Tashi ka ɗora ni, rana na yi."

Ba wanda ya ji abin da ya faru a Kebbe daga bakinsu. Maccido ya sake fita yaƙi sau huɗu bayan wannan, sau huɗu yana dawowa lafiya. Ya ɗauki wa kansa zuwa gidan Sambo kowace safiya kafin ya wuce gona, don Atu ta samu ta huta, kuma bai fasa ba ko a ranakun da zuciyarsa take ƙuna. Ranakun kuwa suna zuwa. Wani lokaci wata guda sai ya wuce lafiya, sai wani baƙo ya zo gari ya tambayi gidan jarumin mashigi, abin ya taso masa sabo.

Sambo ya yi shekara tara bayan tafiyar. Ciwon ƙugun yakan buɗe duk damina, a ta ƙarshe bai rufe ba. Maccido ne ya yi masa wanka. Mutane suka zo daga Kebbe da Jabo da Dogon Daji, har filin ƙofar gari ya kasa ɗaukarsu aka fita bayan ganuwa. Da aka tsaya za a yi salla, Maccido ya waiwaya ya sami kansa yana ƙirga sahu. Ya kai goma sha bakwai, yana tunanin nawa za su tsaya a tasa ranar, kafin ya farga da abin da yake yi. Ya yi istigfari, ya juyo ya fuskanci gabas, hawaye suna zuba cikin gemunsa. Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.